Wasiƙa daga Garwa zuwa Sakkwato

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ɗalibai? Ka gaida mini uwargida da yara. Mu nan lafiya lau sai zafi, ka san Garwa idan Maris ya kama. Binuwai ta janye har yara na buga ƙwallo a kan yashinta. Inna na gaishe ka, ta ce tun da ka auri Basakkwata ka manta hanyar gida. Ni dai ɗan aike ne.

Alfarma nake nema, shi ya sa ka ga doguwar takarda maimakon saƙon muryar da muka saba. Amma bari in faro maka daga tushe.

Makon jiya aka yi zaman kwana biyu a asibitinmu. Likitocin tiyata ne suka haɗu, masu aikin kunne da hanci da maƙogwaro, da masu gyaran muƙamuƙi, da likitocin yara. Wasu daga Marwa, wasu daga Ngaundere, biyu daga Yawunde suka kwana a jirgin ƙasa sannan suka ƙaraso da mota, ɗaya kuma ya ƙetaro daga Injamena ta Kusiri. Kowa ya zo da takardun yaran da ciwonsu ya gagare shi, daga wuya zuwa sama. Ni ka san aikina, sa barci a ɗakin tiyata. Tafinta aka kira ni in yi tsakaninsu da iyaye, tunda yawancin baƙin ba Hausa ba Fulatanci. Na shiga da zaton zan ga gasar wuƙa, sai na tarar rabin gardamar a kan kada a yanka ake yin ta.

An fara da wani yaro ɗan shekara bakwai. Muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙora suna girgiɗi, ido ɗaya ya fara turowa. Wani matashin likita ya riga ya zana yadda zai cire rabin ƙashin. Wata dattijuwa likitar yara ta bar shi ya gama, sannan ta tambaya ko an tsotsi ɗan nama da allura an duba. Ta ce kumburin da ke gudu haka a fuskar yaro, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, Burkitt ake fara zargi, cutar dajin da wani likita mai wannan suna ya bayyana a Uganda a 1958. Ita kuwa maganin daji da ake sawa ta ƙarin ruwa ke narkar da ita, wani lokaci cikin kwanaki a ga fuska ta sauka. Matashin ya naɗe zanensa ya sa a aljihu, ban ga laifinsa ba. Sai wata jaririya mai ƙullutun ruwa a wuya kamar gwanda, ita ma aka ce allurar da ke sa shi ya motse za a fara gwadawa, saboda jijiyoyin da ya nannaɗe.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta rana ta biyu. Yarinya ce 'yar shekara tara, kakarta ta kawo ta daga wani ƙauye wajen Gidar. Cutar noma ce, mai zaizaye baki da fuska, ta ci mata kunci tun tana ƙarama, bayan ƙyanda. Ka san yadda take yi: gyambo ne a dasashi, a jikin yaron da yunwa ta riga ta raunana, yawanci ɗan shekara biyu zuwa shida. Cikin kwanaki sai ya huda kunci. Idan an samu maganin kashe ƙwayoyin cuta da wuri ya tsaya, idan ba a samu ba kusan tara cikin goma ba sa tashi. Ita ta tashi, amma tabon ya ɗaure mata muƙamuƙi tamau, ko ɗan yatsa ba ya shiga tsakanin haƙoranta. Na ga yadda take cin abinci a barandar asibiti. Kakar ta dama kunun gyaɗa ya yi ruwa-ruwa, yarinyar ta juya wa mutane baya, ta ɗage gyalenta, tana tura shi da ƙaramin cokali ta gurbin da haƙora suka zube, rabi na shiga rabi na bin haɓa. Da ta gama ta goge, ta mayar da gyalen, sannan ta juyo.

Sun fi awa biyu a kanta. Wannan ya ce a saki muƙamuƙin tukuna, wancan ya ce a ɗauko fata daga ƙirji a toshe kuncin, ana ta nuna hotuna a bango. Can sai baƙon Injamena, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya tambaya wa zai sa ta barci. Ɗaki ya yi tsit, aka juyo ana kallona. Habu, gumi ya karyo mini. Na ce musu sa ta barci ba wuya, tashinta ne ban ɗauki alkawari ba. Mu ta baki muke zura bututun numfashi, muna haskawa muna gani, nata kuwa a kulle yake. Ko dai a bi ta hanci da siririyar na'urar nan mai kyamara, wadda ba mu da ta yara, ko a huda maƙogwaro. In an huda, sai an samu mai zama kanta dare da rana yana zuƙe majina, ga wuta da ke ɗaukewa, ga ma'aikaciya ɗaya a kan ɗaki guda da dare. Na zaci na yi katsalandan a gaban manya, sai na ga suna rubutawa. Wani ma ya ƙara da cewa ko an saki muƙamuƙin, in ba a yi watanni ana motsa shi kullum ba, komawa zai yi ya ɗaure.

Aka tsaya a kan ba za a taɓa ta a nan ba. A ciyar da ita ta yi ƙarfi, sannan a kai ta inda suka saba da aikin. Ni aka bar wa faɗa wa kakar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ɗana, ni ba kyau nake nema mata ba. So nake kafin in mutu in ga ta gutsiri tuwo." Ban fassara wa likitocin nan take ba, sai da na haɗiye wani abu.

To, inda suka saba da aikin kuwa garinku ne. Asibitin yara masu cutar noma na Sakkwato yana nan tun 1999, ƙungiyar likitocin MSF na aiki da su tun 2014, kuma Najeriya ce ta ja gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Don Allah ka daure ka je da ƙafarka. Ka tambayo mini yaushe masu tiyatar za su sake zuwa, wace takarda suke so daga wajenmu, kuma yaya ake yi da mai jinya da ta fito daga Kamaru. Zan turo maka hotuna da bayanin likita ta WhatsApp, kada ka nuna wa kowa sai su.

Hanyar ce ke damuna. Yola kusa ce, amma daga nan zuwa Kano, sannan a bi ta Gusau, da tsohuwa da yarinyar da kunu kaɗai take sha, sai an yi shiri. In ta yiwu zan nemi hutu in rako su da kaina, ka ga sai ka tanadi tabarma uku. Ka faɗa wa uwargida zan riƙo mata man gyaɗar Garwa, Inna ta riga ta sa a matse.

Naka,
Sale