Lambar da ke jikin kwalin sifika ba ita ce sauti ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu mota, musamman direbobin tasi da na trotro a nan Kumasi, a kan wani abu da ake rainawa amma yake cin kuɗin mutane a banza, wato sauya sifikar mota. Ni mai gyaran wutar mota ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma da wuya mako ya wuce ban kwance ƙofar wata mota na tarar da ɓarnar da aka yi da sunan gyara ba.

Yawancin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema sun riga sun yi shekaru suna aiki a Amurka ko Turai ko Koriya kafin su iso hannunmu. Sifikar da suka fito da ita daga kamfani galibi ta takarda ce, maganaɗisunta ƙarami, kuma da yawa an kewaye bakinsu da soso mai laushi. Idan wannan soson ya sha zafin rana, ya sha danshin damina biyu da muke yi a ƙasar Asante, sannan ƙurar hunturu ta hau kansa, sai ya marmashe, mai mota ya fara jin muryar mai karanta labarai tana karkarwa kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Don haka ban ɗauki sauyawar a matsayin almubazzaranci ba, domin direban da ya kama hanyar Tamale yana sauraron tafsiri ko karatun Alƙur'ani ya cancanci ya ji kowane harafi a fili.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin saye. Kwanakin baya wani dattijo direba, maƙwabcina a Aboabo, ya kawo mini sifika biyu yana murna, ya nuna mini an rubuta wat 1000 da manyan haruffa a jikin kwalin, ya ce da wannan lambar mai shagon ya ja hankalinsa. Da muka ɗaura su, sai sautin ya fito ƙasa da na tsofaffin da muka cire, kuma na ga yadda ransa ya ɓaci, domin kuɗin da ya kashe ba a kwana ɗaya ya tara su ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, waccan babbar lamba, ko da gaskiya ce, tana nufin ƙarfin da sifika za ta iya jurewa na ƙiftawar ido ne kawai. Lambar da ke da amfani ita ce wadda aka rubuta RMS a gabanta, wato ƙarfin da za ta ɗauka tana aiki ba tsayawa. Bugu da ƙari, sifika ba ta ƙirƙirar ƙarfi, abin da rediyo ya ba ta shi take mayarwa sauti, kuma rediyon mota na yau da kullum, har wanda aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace sifika a zahiri bai cika wuce wat 20 ba. Wanda ya ɗora wa irin wannan rediyo sifika mai nauyi da aka yi domin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, zai yi ta murɗa sauti har ƙarshe, sautin ya riƙa tsagewa, kuma wannan tsagewar ce ke ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Lambar da nake so mai saye ya nema ita ce mai dB a gefenta, wadda ke nuna yawan sautin da sifika ke bayarwa da ɗan ƙarfi kaɗan. Wadda ta kai 90 ko ta haura za ta yi daidai da rediyon da mota ta zo da shi, kuma bambancin 3 kacal a wannan lamba daidai yake da ninka ƙarfin rediyo sau biyu. A duba kuma lambar om, wadda ke nuna yadda sifika ke turje wa wutar da ke shigarta, domin yawancin motoci 4 suke amfani da shi, amma wasu da suka zo da amfilifaya daga kamfani suna aiki da 2, kuma idan aka saɓa, ko dai sauti ya ragu ko na'urar ta riƙa ɗaukar zafi. A yanayinmu kuwa, wadda fuskarta ta filastik ce, bakinta na roba, ta fi ta takarda daɗewa. Sunaye irin su Pioneer da Kenwood da JVC suna da masu sauƙin kuɗi da ke aiki sosai, sai dai jabunsu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka kada a biya kuɗi sai an kunna an ji, kuma a gwada da muryar mutum yana magana, domin kiɗa mai ƙarfi yana ɓoye aibi.

Ina da magana kuma ga abokan sana'ata, da ni kaina a ciki. Mu daina yanke wayoyin mota muna naɗe su da salatif alhali akwai mahaɗin da aka yi domin wannan aikin. Mu kula da wace waya ce ta (+), wace ce kuma ta (-), domin idan aka juya ta a ƙofa ɗaya, sifikun biyu za su riƙa cinye kaurin sautin juna, mai mota ya zargi kayan da ya saya. Mu auna zurfin ƙofa kafin ɗaurawa, kada gilashi ya bugi maganaɗisu idan an sauke shi, mu kuma mayar da ledar nan da ke cikin ƙofa wadda yara masu koyon aiki ke yagewa su jefar, domin ita ce ke tare ruwan sama.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sauya duka huɗu ba, ya fara da na ƙofofin gaba, domin su ne kusa da kunnensa. Ya cire tsohuwar ya tafi da ita kasuwa a hannunsa, ya ga ko mai inci 6.5 ce ko 6 da 9, ya gwada ramukan kusoshinta da na sabuwar kafin ya miƙa ko sidi ɗaya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran wutar mota,
Aboabo, Kumasi.