Wasiƙa zuwa ga aminina kan aikin gidan lissafi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni, na kuma ji damuwarka kan yaron nan. Ka ce in aka ba shi aikin gida na aljebra sai ya zuba wa takarda ido har barci ya kwashe shi, kai kuma abin da aka koya mana ya daɗe da shige maka duhu. Kada ka karaya. Bara haka na sha fama da 'yar wajena, shi ya sa na zauna in rubuto maka abin da ya fisshe mu.

Ka fara da alamar daidai. Ka ce masa sikeli ce, duk abin da aka yi wa hannu ɗaya dole a yi wa ɗayan. A 3x + 4 = 19, ya ɗebe 4 dama da hagu, saura 3x = 15, ya raba kowane ɓangare gida 3, x ya zama 5. Yara da yawa haddacewa suke yi cewa lamba in ta tsallaka sai alamarta ta juya, ba su san dalili ba, kuma nan ne kuskure ke shigowa. In ya gama, ya mayar da 5 ɗin cikin tambayar ya gani ko za ta ba da 19.

Amma abin da ya buɗe wa yarinyata kai shi ne zane. Wata rana ta kawo mini x² + 10x = 39 (x² na nufin x sau x), tana hawaye. Wannan tambaya ta haura shekara dubu, domin tana cikin littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Daga kalmar al-jabr da ke sunan littafin aka samo aljebra, kuma da Larabci har ɗorin karaya ana kira haka. Shi bai yi amfani da x ba, da kalmomi ya rubuta komai, sannan ya kafa hujja da zane.

Ga yadda muka bi sawunsa. Ta zana murabba'i, kowane gefe x. Ta raba 10x biyu, ta manna fili mai tsawon x da faɗin 5 a gefen dama, wani irinsa a ƙasa. Murabba'in shi ne x², filayen biyu su ne 10x, duka filin 39 ke nan. Sai ga gurbi a kusurwa, 5 sau 5, wato 25. Na ce ta cike shi. Da ta cike, babban murabba'i ya fito mai girman 64, gefensa 8. To gefen nan ai x ne da 5, ashe x 3 ne. Wallahi sai da ta yi tsalle. Tun daga ranar ta daina ganin aljebra da jometiri, wato lissafin siffofi, a matsayin darasi biyu. Ka dai tuna masa cewa -13 ma amsa ce, zane ne kawai ba ya nuna ta, malami kuwa zai iya neman duka biyun.

A jometirin kansa, ya riƙa zana siffar da girma, ya rubuta duk abin da aka ba shi a jikinta. Kusurwoyin alwatika uku in an haɗa su digiri 180 ne. Ƙa'idar Pythagoras kuwa, wadda ake nemo tsawon gefen alwatika da ita, ba ta aiki sai akwai kusurwa mai digiri 90, kuma kada ya ɗauka akwai don kawai idonsa ya ga kamar haka, sai tambayar ta faɗa ko ya tabbatar da kansa.

Roƙona ɗaya gare ka, kada ka karɓi biron daga hannunsa, ko da kana ganin amsar ƙiri-ƙiri. Ka tambaye shi me aka ba shi, me ake nema, ka yi shiru ya yi tunani. In kun ci karo da wadda ta gagare ku, ka ɗauki hotonta ka turo mini tare da inda ya tsaya.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara duka.

Naka amini.