Rahoton Ayyukan Shekara: Saita Lissafin Hutun Ma'aikata a Manhaja

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa masu riƙe da takardun ma'aikata a kamfanoni da shaguna da makarantu masu zaman kansu na Garwa da Marwa da Ngawundare, ga bayanin ayyukan shekarar da ta wuce.

Taron wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, an kuma kai ziyarar ta'aziyya da ta barka a gidajen mambobi. Maganar kuɗi ma'aji zai kawo ta a nasa rahoton. Abin da ya ci mafi yawan lokacin kwamiti shi ne aikin da babban taro ya ɗora mana: taimaka wa mambobin da suka bar rajista da Excel suka koma manhajar kula da ma'aikata, su saita lissafin hutun shekara yadda ya dace da dokar Kamaru.

Tushen lissafin ba shi da wuya. Dokar aiki ta 14 ga Agusta 1992, a sashe na 89, ta ba ma'aikaci kwana ɗaya da rabi na hutu mai albashi a kowane watan da ya yi aiki, wato kwana 18 a shekara. Da a nan maganar ta tsaya, da kowace manhaja ta wadatar. Amma sashe na 90 ya ba wanda bai kai shekara 18 ba kwana biyu da rabi a wata. Ya ƙara wa uwa kwana 2 a kan kowane ɗanta da bai cika shekara 6 ba, in an yi masa rajista kuma yana gidanta. Ya ƙara kwana 2 a duk cikar shekara 5 ana aiki a wuri ɗaya. Ƙarin nan biyu haɗuwa suke yi: mai shekara 11 a aiki da ƙananan yara biyu hutunta kwana 26 ne, alhali manhajar da aka bari yadda ta zo 18 za ta nuna mata. Kwana takwas ke nan na haƙƙin baiwar Allah da za su salwanta ba tare da kowa ya yi niyyar cutar ta ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne ma'anar ranar aiki. Yawancin manhajojin da ake sayowa daga waje sun ɗauka Litinin zuwa Juma'a ne mako, a lissafin hutu na nan kuwa Asabar ma ana ƙidaya ta, Lahadi da ranakun hutun ƙasa ne ake tsallakewa. Su ma ranakun hutun ƙasa iri biyu ne. 11 ga Fabrairu da 1 ga Mayu da 20 ga Mayu ba sa motsi, sau ɗaya ake shigar da su. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah kuwa sai an ga wata an yi sanarwa, don haka muka nemi kowane ofis ya ware mutum ɗaya mai gyara kalanda da hannu, in ba haka ba a cire wa mutum ranar Sallah daga cikin hutunsa.

Sai lokutan da mutum ba ya bakin aiki amma doka ta ce hutunsa ya ci gaba da taruwa: hutun haihuwa na mako 14, jinyar haɗarin aiki, da rashin lafiyar da likita ya tabbatar har zuwa wata 6. Izinin suna ko aure ko rasuwa a cikin iyali, har kwana 10 a shekara, ba a taɓa hutun shekara dominsa. Kowanne mun sa an ba shi lambarsa daban a manhaja. Fashin da ba izini shi ma da tasa, don shi yana rage lissafi.

Ra'ayin kwamiti shi ne kada kowa ya taɓa saitin manhaja sai ya rubuta ƙa'idodinsa a takarda, ya duba yarjejeniyar sana'arsa, domin wasu yarjejeniyoyin sun ba da fiye da abin da doka ta yanka, kuma mafi amfani ga ma'aikaci ake bi. Daga nan a gwada da mutane kaɗan masu yanayi daban-daban, a lissafa da biro, a kwatanta. Manhaja ba ta san yaro ya cika shekara 6 ba sai an shigar da ranar haihuwarsa daidai.

Abin da bai kammala ba shi ne lissafin 'yan aikin kaka, musamman na lokacin auduga, waɗanda ke tafiya kafin su cika shekara, ake biyan su kuɗin hutu a madadin kwanaki. Muna shirin gayyatar sufeton aiki ya yi mana bayani a kai. Muna roƙon kowane mamba ya zo taro na gaba da jerin ranakun kama aikin ma'aikatansa da kwafin takardun haihuwar 'ya'yan mata ma'aikata.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Garwa