Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Jariran da Ke Hannun Hukuma da Iyayensu

Ya aminina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Bayan haka, wasiƙarka ta iso, kuma na yi murna da jin cewa an saka ka cikin waɗanda za su ba da shawara kan yadda hukumomi da ƙungiyoyi za su haɗa hannu wajen kula da ƙananan yaran da aka raba da iyayensu. Ka nemi in faɗa maka abin da na gani a nan Amurka a matsayina na tafinta a kotun iyali, da abin da na karanta game da wasu ƙasashe. Zan taƙaita maganar ga jarirai da yaran da ba su wuce shekara uku ba, domin su ne tsarin ya fi cutarwa idan ya yi nawa, kuma su ne ba su da bakin kai ƙara.

Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne cewa lokacin jariri daban yake da lokacin kotu. Dokar tarayya a nan ta ce a riƙa duba lamarin kowane yaron da ke hannun riƙo aƙalla sau ɗaya a wata shida, kuma ga alƙali ko lauya wannan ba wani dogon zango ba ne. Amma jaririn da aka ɗauke yana da wata shida, kafin zama na gaba ya zagayo ya riga ya yi rabin rayuwarsa ba tare da uwarsa ba, ya koyi zama da rarrafe a hannun wata, ya kuma fara ƙiwa ga duk fuskar da bai saba da ita ba, wataƙila har da ta wadda ta haife shi. Masana a Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke gina su shi ne amsawar da babba yake yi wa kuka da murmushi da gwarancin yaro. Tun ran gini tun ran zane. Duk wani haɗin gwiwa da ba ya rage wa jariri jira, a ganina, taron manya ne kawai.

Hujja mafi ƙarfi da na sani kan wannan ta fito ne daga ƙasar Romaniya. A shekarar 2000 masana uku, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bincike a birnin Bucharest a kan yara 136 da ke zaune a gidajen marayu, inda aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo da aka horar, sauran kuma suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran ci gaba a fahimta da magana da shaƙuwa, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu sun fi kowa amfana. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa tare da iyayensu sun tafi a kan wannan hanya, domin sun ce yara ƙanana, musamman 'yan ƙasa da shekara uku, a cikin iyali ya kamata a rene su. Idan akwai wanda zai kawo muku shawarar gina babban gidan jarirai da ma'aikata masu karɓa-karɓa, ina roƙonka ka tsaya tsayin daka ka ƙi, ko da ginin zai yi kyau a hoto.

A nan Amurka, jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya su ne rukuni mafi yawa cikin yaran da ke shiga hannun riƙo, wajen ɗaya cikin biyar na duk masu shiga. Akasarin abin da ake tuhumar iyaye da shi kuma ba duka ba ne, sakaci ne, wanda yakan kai kusan kashi uku cikin huɗu na ƙararrakin da aka tabbatar. Idan ka bi diddigin sakacin nan sai ka tarar da shaye-shaye, da ciwon damuwa bayan haihuwa, da miji mai duka, da rashin matsuguni, wani lokaci dukkansu a wuyan mace ɗaya. Kowace matsala kuma da ofishinta, da takardunta, da layin jiranta. Ka ɗauki uwar da kotu ta umarta ta shiga shirin daina shan ƙwaya, ta halarci darasin tarbiyya, ta nemi aiki, ta sami ɗaki, ta kuma riƙa zuwa ganin ɗanta: gwajin fitsari da safe a wannan gefen gari, ziyarar yaro da hantsi a wancan gefen, ba ta da mota, kuma idan ta makara sai a rubuta cewa ba ta damu da ɗanta ba. Babu ofishin da ya yi mata mugunta da gangan, kowanne ya bi ƙa'idarsa, amma babu wanda ya taɓa ɗora umarnin nan gaba ɗaya a kan takarda guda ya ga ko mako ɗaya zai ɗauke su. Ga kuma dokar 1997 da ta ce idan yaro ya yi wata 15 cikin wata 22 na baya-bayan nan a hannun riƙo, jiha ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyayensa, sai dai in akwai dalili na musamman, kamar a ce yana hannun dangi. Wato kwanakin uwa suna ƙarewa alhali sunanta yana can a jerin masu jiran gado a asibitin masu shaye-shaye.

Wannan giɓi ne ya haifar da kotunan jarirai. A ƙarshen shekarun 1990 wata alƙaliya a birnin Miami, Cindy Lederman, ta haɗa kai da masaniyar halayyar yara Joy Osofsky don a shigo da ilimin ƙuruciya cikin shari'a, sannan a 2005 ƙungiyar ZERO TO THREE ta fara shirin da ta kira Safe Babies a wasu kotuna, kuma ya bazu zuwa jihohi da dama. Tsarin ba shi da wani sirri. Akwai alƙali da ya ɗauki abin da muhimmanci, akwai kodineta wanda aikinsa kaɗai shi ne haɗa kan kowa da bin sawun alƙawura, kuma ana zama da iyali kowane wata maimakon jiran wata shida.

Na yi tafinta a irin wannan zama, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tebur. Ba a zauren kotu ake yi ba, a wani ƙaramin ɗaki ne, kowa a kujera iri ɗaya: uwa da lauyanta, jami'ar jin daɗin yara, uwar riƙo, mai ba da shawara kan shaye-shaye, ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwar jarirai, da kakar yaron. Kodineta ta ajiye hoton jaririn a tsakiya, ta fara da tambayar uwar abin da ya tafi daidai a wannan watan kafin a taɓo abin da ya lalace. Da aka zo kan ziyarar da ta riƙa makara, sai ta ciro jadawalin motar haya daga jakarta ta shimfiɗa, kowa ya ga da idonsa cewa ba zai yiwu ta iso a kan lokaci ba. Nan take aka matsar da gwajin zuwa yamma. Matsalar da za ta iya zama hujjar raba uwa da ɗa ta mutu a kan tebur kafin a tashi, ba tare da an kashe ko sisi ba. A nan na fahimci cewa kodineta ita ce ginshiƙin abin, kuma idan kuɗinku ba zai ishe ku komai ba, to ku fara da albashin wannan mutum ɗaya.

Abu na biyu shi ne ziyara, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Abin da aka saba shi ne awa ɗaya a mako, a ɗakin ofis, ma'aikaci na zaune a gefe yana rubutu. Babban yaro zai iya riƙe uwarsa a zuciya daga Litinin zuwa Litinin, amma jariri ba zai iya ba, shi da hannu da ƙamshi da murya yake sanin mutum. Don haka waɗannan kotuna suke matsawa a riƙa haɗuwa sau da yawa a mako, a wuri mai kama da gida, uwa ta yi wa ɗanta wanka, ta ciyar da shi, ta lallashe shi ya yi barci, ta kuma raka shi asibiti ranar rigakafi. Sau da yawa jariri yakan dawo daga ziyara yana kuka, ya ƙi barci, uwar riƙo kuma ta kai rahoto cewa ziyarar tana cutar da shi. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa kukan na rabuwa ne, alamar cewa shaƙuwa tana nan da rai, kuma sai wanda ya san jarirai ne zai iya bambance biyun. Wannan ne amfanin samun masani a cikin tawaga. Akwai wata hanyar jinya da Alicia Lieberman da Patricia Van Horn suka tsara a San Francisco, inda ake ganin uwa da ɗanta tare a ɗaki ɗaya, ana taimaka mata ta fahimci abin da kukansa da juya bayansa ke nufi, domin iyaye da yawa a wannan hali su ma an wulaƙanta su suna yara, wasu ma a hannun riƙo suka tashi.

Dangantakar uwa da uwar riƙo ita ce ta fi wuya, kuma ita ce takardun yarjejeniya ba sa ambata. Ɗaya tana ganin an ƙwace mata ɗa, ɗayar tana tashi da shi tsakar dare tana kuma sanin cewa wata rana za a karɓe shi. Inda na ga abin ya yi kyau, wani ɗan littafi ne yake tafiya a cikin jakar yaron, uwar riƙo ta rubuta lokacin da ya ci abinci da sabon haƙorin da ya fito, uwa ta rubuta waƙar da take yi masa idan yana rigima. Kotunan nan suna shirya hanya biyu tun daga ranar farko, wato komawa gida idan iyaye sun gyara, da kuma gidan da zai zauna har abada idan ba su gyara ba, kuma ana faɗa wa kowa wannan a fili don kada a yi ta sauya wa jariri hannu. Dangi su ake fara nema, kuma dokar 2008 ta wajabta sanar da su cikin kwana 30 da ɗauke yaro. A lura da uba da danginsa, domin an cika mantawa da su.

Ba Amurka kaɗai ba ce. New Zealand ta saka taron dangi cikin dokarta tun 1989, bisa tsarin mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, inda ake barin iyali su keɓe su kaɗai su fito da shawararsu. A Landan alƙali Nicholas Crichton ya jagoranci buɗe kotun iyali ta masu shaye-shaye a 2008, inda iyaye suke ganin alƙali ɗaya kowane mako biyu ba tare da lauyoyi ba. Ingila kuma ta ƙayyade mako 26 don kammala irin wannan shari'a a dokarta ta 2014.

Akwai haɗari a cikin abin da nake yabo, kuma ba zan ɓoye maka ba. Idan likita da nas da malamar renon yara da jami'in hukuma suka zama tawaga ɗaya, to uwa matalauciya tana iya ganin duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa don neman taimako ƙofar kotu ce. Mai ciki da ke shan ƙwaya, idan ta san cewa faɗin gaskiya a wurin awo zai sa a ɗauke jaririnta daga ɗakin haihuwa, sai ta daina zuwa awo, kuma jaririn ne zai biya. Saboda haka ku rubuta a fili wane bayani ne zai wuce daga wannan ofis zuwa wancan, da izinin wa, kuma a karanta wa iyaye cikin harshen da suke ji. A nan ƙasar an daɗe ana kuka cewa 'ya'yan baƙaƙen fata da na 'yan asalin ƙasa, wato ƙabilun da suka riga Turawa zama a nan, sun fi yawa a hannun riƙo fiye da kasonsu a cikin jama'a, har aka yi dokar 1978 don kare yaran 'yan asalin ƙasa daga raba su da al'ummarsu, wadda Kotun Ƙoli ta sake tabbatarwa a 2023. Ina ganin maganin da ya fi shi ne a zaunar da iyayen da suka taɓa ratsa tsarin suka karɓo 'ya'yansu a cikin kwamitinku, a biya su kamar kowa, su kuma riƙa raka sababbin iyaye zuwa zama. Uwa takan ji maganar wadda ta taɓa zama a kujerarta fiye da ta mai digiri.

Sannan kada duk ƙarfinku ya ƙare a kan abin da ke faruwa bayan an ɗauke yaro. Shirin da David Olds ya fara gwadawa a garin Elmira na jihar New York a 1977, inda nas take ziyartar mai cikin fari a gida har yaron ya kai shekara biyu, ya nuna raguwar cin zarafi da sakaci a iyalan da aka bi. Amurka ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin dokar 2018 ta ba jihohi damar kashe kuɗin riƙo na tarayya a kan jinyar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa da koyar da reno tun yaro yana gidansu. Ku da kuke farawa, babu abin da ya tilasta muku bin wannan doguwar hanya.

Idan kun yi zamanku na farko, ka rubuto mini su wa aka gayyata da su wa aka bari a waje, da kuma tsawon lokacin da jariri yake yi a wurinku kafin wani alƙali ya sake duba lamarinsa, domin da wannan zan san ta inda zan ba ka shawara ta gaba. Ka isar da gaisuwata ga mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka jagora a wannan aiki.

Naka amini har kullum.