Godiya ga masu waldar Magazin da suka gyara filin Malam

Assalamu alaikum Alhaji, mastan gareji, tare da dukan yaranku da ke Suame Magazin, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi.

Mu tsofaffin ɗaliban marigayi Malam, malamin lissafi kuma kocin guje-guje da ƙwallo na sakandarenmu a nan Kumasi, muka ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a, tunda an ce yaba kyauta tukuici. Bayan addu'ar arba'in aka zauna shawara kan abin da za a yi ya zame masa sadaka mai gudana, baki kuma ya zo ɗaya a kan a gyara filin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai. Aikin da aka kawo muku shi ne turakun raga na gida biyu, da shingayen tsallake guda 20, da sandunan gudun miƙa sanda.

Malam, Allah ya jiƙansa, mutum ne na awo. Ana idar da sallar asuba yana fili, usur a wuya, agogon awon gudu a hannu, da wani littafi mai baƙin bango a hammata inda yake rubuta lokacin kowane yaro. Ɗan Aboabo ne, ko ɗan Sabon Zango, ko ɗan Asante daga Bantama, layi ɗaya suke bi a littafin nan. Wanda makinsa ya yi ƙasa a aji ba ya taka fili sai ya gyara, kuma Malam ɗin ne zai zauna da shi bayan la'asar har ya gyara. Darasin kusurwa ma a fili yake koyar da shi: igiya mai mita 12, a ƙulla ta a mita 3, sannan 4, sannan 5, yara uku su ja ta ta miƙe, sai ga kusurwar fili ta fito daidai. Da haka yake shata fili duk shekara idan an fara shirin Inta-Ko, gasar makarantu da ake yi a filin wasa na Baba Yara. Abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya shi ne kayan aiki. Da gora da benci yake haɗa wa yara shinge, yana kuwa sane da cewa benci ba ya faɗuwa idan ƙafa ta buge shi, yaron ne ke faɗuwa.

Shi ya sa muka ji daɗi da kuka ƙi kunna injin walda sai da kuka zo fili da tef da lebur na duba daidaito. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Inda da yawa ke kuskure shi ne su auna daga bayan turke. Ku daga ciki zuwa ciki kuka auna, tsayin kuma daga ƙasan sandar sama zuwa doron ƙasa, kamar yadda dokar ƙwallo ta ce. Kuka kuma ja tef a karkace daga gindin turke zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen, hagu da dama, duka biyun suka ba da kusan mita 7.72. Da ɗaya ya fi ɗaya, da ragar ta karkace ke nan. Fayif mai inci 4 kuka zaɓa, domin kaurinsa bai kai santimita 12 da doka ta iyakance ba.

Sandar sama ita ce wurin da ake gane gwani. Fayif ɗin kasuwa bai kai mita 7.32 ba, dole sai an yi haɗi, kuma tsofaffin turakun a nan suka lalace: an kara baki da baki an yi walda, nauyi ya yi ta ja har tsakiya ta lotsa, daga baya ta tsage. Ku kun zura guntun fayif a ciki ya ratsa haɗin ta ɓangarorin biyu kafin walda, kuka ɗan ba sandar doro sama kaɗan yadda da ta hau turaku nauyinta zai miƙar da ita. Da yake fayif ɗin mai rufin zin ne, wato ruwan ƙarfen da ake shafa masa don hana tsatsa, kun goge rufin a bakin haɗi kafin a sa wuta, a sarari kuma aka yi aikin, saboda hayaƙin zin yana sa zazzaɓi da ciwon kai, waldar da aka yi a kansa kuma tana yin ƙananan ramuka. Mun ga Alhaji da kansa ya sa wani yaro ya sake wani layin walda da ido bai ga aibinsa ba, don da aka buga guduma sautin bai gamsar da shi ba.

Sai maganar tsatsa, wadda a Kumasi ba ƙaramar magana ba ce, garin da ke samun damina biyu a shekara. Turke daga gindi yake ruɓewa, daidai inda ruwa ke kwanciya. Kun toshe kan kowane fayif kada ruwan sama ya shiga, kuka huda ƙaramar kafa a kusa da ƙasa don gumin ciki ya fita. Aka haƙa rami mai zurfin santimita 70, aka kwaɓa kankare, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, aka yi wa samansa gangare yadda ruwa zai gudu daga jikin ƙarfe, aka rufe da ƙasa kada ɗan wasa ya faɗa a kan kankare. Kwana bakwai kuka ce a yi ana yayyafa ruwa kafin a ɗaura raga. Kun kuma hana a shafa fentin mai kai tsaye a kan zin, domin ɓarewa yake yi kamar ɓawon albasa. Sai da aka sa fentin shimfiɗa na irin wannan ƙarfe, sannan fari. Maƙalan raga ma kun yi su zagayayyu marasa tsini, saboda ƙugiya mai baki tana yage yatsan mai tsaron gida.

A kan shingayen kuwa, da Malam yana raye da nan zai fi daɗewa yana dubawa. Kowanne yana hawa da sauka a matakai biyar: santimita 76.2, 83.8, 91.4, 99.1 da 106.7, wato inci 3 tsakanin huda da huda, ta yadda 'yan mata masu mita 100 da samari masu mita 110 da masu mita 400 duk za su yi amfani da shi. Faɗinsa mita 1.2, katakon sama an goge gefensa an yi masa zanen baƙi da fari. Babban abin shi ne nauyi. Ƙa'ida ta ce shinge ya kife idan an tura tsakiyar katakon da ƙarfin kilo 3.6 zuwa 4. In ya fi haka tauri ya ka da yaro, in ya gaza iska ma ta ture shi. Kun sa wa ƙafafun ƙarfen nauyi mai matsawa gaba da baya, kuka gwada kowane shinge da ma'auni mai ƙugiya irin na masu sayar da nama, a dukan matakan biyar. Kibiyar da kuka zana a ƙafafun ta nuna cewa ƙafafu suna fuskantar mai tahowa. Idan yaro ya tsallaka ta baya, shingen ba zai kife ba, nan ake samun karaya. Guda 20 layi biyu ke nan, goma goma, sun isa yara biyu su kara.

Sandunan miƙawa ba su da wahala, santimita 30, bakinsu a goge.

Kuɗin ƙarfe da fenti kawai kuka karɓa, kuka rubuta komai a takarda har na sandar walda, guntayen da suka rage kuka mayar. Kuɗin hannu kuka ce a bar shi ladan ya je wa mamaci. Da aboboyarku, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka kawo kayan har fili. Kun kuma bar wa masu kula da fili gargaɗi uku: a riƙa shigar da shingaye rumfa bayan atisaye, a ɗiga mai a fil ɗin da ke riƙe tsayi kafin damina, kada kuma a bar yara suna lilo a sandar sama.

Alhaji, Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a garejinku, ya tsare idanu da hannayen yaranku daga wuta da ƙarfe, ya nuna muku ranar da kowannensu zai buɗe nasa. Malam kuma Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalansa haƙuri.

Wassalam.

Kwamitin tsofaffin ɗaliban Malam, Kumasi