Godiya ga ƙaramin ofishin masu taksi na bakin tashar jirgin ruwan Valletta, babban birnin tsibirin Malta

Assalamu alaikum. Sati uku kenan da dawowarmu amma abin bai bar raina ba, kuma dama na yi wa matar da ke zaune a ofishin nan alkawarin zan rubuta, to ga shi ina cikawa ko da ba ta jin Hausa.

Ni da maigidana ne muka haɗa kuɗi muka kai Baba da Umma yawo a irin katafaren jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ke zaga Bahar Rum, kwana bakwai, kullum gari ya waye kuna wata tasha daban, a ba ku awa bakwai ko takwas ku sauka ku ga gari ku dawo. Wanda bai taɓa shiga ba ya sani, in ka fita da kanka ka makara jirgi ba ya jiranka, tafiyarsa yake yi ka nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da aljihunka. Shi ya sa mutane ke biyan kuɗin yawon da jirgin ke shiryawa duk tsadarsa. Mu ma mun biya a tashar farko, wallahi kamar ana kora awaki kasuwa, mutum hamsin a bas ɗaya, mai jagora ta ɗaga 'yar tuta tana zabga sauri, Baba shekara 74 ga ciwon gwiwa yana dogara sanda, ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. A tsibiri na biyu, ba zan faɗi sunansa ba, muka ce bari mu ɗauki taksi da kanmu, aka yi ciniki aka gama, sai da muka dawo direban ya ce ai kuɗin na mutum ɗaya ne, mu huɗu ne, kuma rabin lokacin a shagon wani ɗan uwansa ya ajiye mu wai mu sayi tsaraba.

To ranar da muka iso Malta Juma'a ce. Baba ya ce shi kam ba inda za shi, ya gaji da wulaƙanci a kan kuɗinsa, ga shi ko Juma'ar ma ba zai samu ba. Da ƙyar Umma ta lallaɓa shi, ta ce Alhaji ko iska ka sha a bakin ruwa.

Da na shiga ofishin naku da 'yar takardata na jero wurare shida, abin da matar ta fara tambaya shi ne ƙarfe nawa aka ce kowa ya koma jirgi. Na ce huɗu da rabi. Sai ta leƙa ta ga Baba da sandarsa, ta ɗauki biro ta soke tsibirin Gozo da wurin ruwan shuɗin nan na Comino da kowa ke sawa a Instagram, ta ce zuwa da dawowa kaɗai zai cinye mana rabin wuni kuma hankalinmu zai kasance kan agogo ne. Ku lura fa, waɗannan su ne masu tsadar, kuɗi ta rage wa kanta. Ta rubuta farashi a takarda, ta rubuta na mota ne gaba ɗaya ba na kai ɗaya ba, ta sa hannu. Da na yi maganar Juma'a cikin ɗari-ɗari, ba ta yamutsa fuska ba, waya ta ɗauka ta tambayo lokacin huɗuba sannan ta tsara komai ya zagaye shi.

Amma direban da ta haɗa mu da shi, dattijo mai furfura, shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Muna hanyar Mdina yana waya da yarensu sai Baba ya ji ya ce hamsin. Baba ya dafa kafaɗata ya ce ke tambaye shi, hamsin ɗin da na sani? Ashe ita ce. Daga nan fa aka ɓalle, Baba ya ce Talata, shi ya ce it-Tlieta, Alhamis il-Ħamis, Asabar is-Sibt, talatin tletin, sittin ma sittin ce, suna ta dariya kamar yara ni kuma na zama tafinta. Ya ba mu labarin Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, yarensu daga Larabci ya samo asali sai dai da haruffan boko suke rubuta shi kamar mu, kuma duk da galibinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, Ubangiji Alla suke kiransa. Mutumin da ya ce ba zai sauka daga jirgi ba sai ga shi ya koma kujerar gaba.

Mdina tsohon birni ne mai ganuwa, sunan ma daga madina yake, lunguna matsattsu shiru kamar ba kowa, motoci kaɗan ake bari su shiga. Umma ta ce sai ka ce cikin birnin Kano da an share shi. Daga saman ganuwar ya nuna mana ƙubbar cocin Mosta da bam ya huda a 1942 lokacin yaƙin duniya ya faɗo cikin mutane bai fashe ba.

Sai muka dawo Valletta kafin sha biyu. Garin nan kan tudu yake, duk matakala, masu fitowa daga tasha lif suke hawa mai tsayin mita 58 zuwa lambun Upper Barrakka, shi kuwa ya zagaya da mu ta sama ya sauke mu dab da ƙofar lambun, Baba bai taka bene ko ɗaya ba. Sha biyu daidai aka harba igwa kamar yadda suke yi, Umma ta zabura da salati, Baba ya ce an ga wata kenan. Daga nan kana hango jirginmu a ƙasa da tsofaffin garuruwan tsallaken ruwa inda sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka yi wa tsibirin ƙawanya a 1565 ba su ci nasara ba.

Masallacin yana Paola, Mariam Al-Batool sunansa, Gaddafi ne ya aza harsashinsa a 1978. Da muka tsaya dattijon nan ya buɗe but ya ɗauko 'yar kujerar naɗewa ya miƙa wa maigidana, ya ce tun safe ya lura da gwiwar, ƙila ba zai iya zama a ƙasa ba. Ba wanda ya roƙe shi. Ya zauna a mota ya jira har aka idar. Ni dai a nan idona ya ciko.

Abinci a Marsaxlokk muka ci, ƙauyen masunta mai kwale-kwale fenti kala-kala da zanen ido a goshinsu. Tun kafin mu zauna ya gargaɗe mu cewa farfesun zomonsu da ake yayi da giya ake dafa shi, mu ci kifin lampuki tunda lokacinsa ne. Huɗu saura kwata muna bakin jirgi, kuɗin da ke takarda shi muka biya, ko sisi ba ƙari.

Abin da ke ba ni haushi, me ya yi da ya gagari sauran? Ya tambaya, ya duba, ya faɗi gaskiyar farashi, shi kenan fa. Amma ko'ina ka je yanzu, har gida, da an ga baƙo sai a fara lissafin yadda za a tatse shi tunda gobe ba ya nan. Ka sauka a filin jirgi a ji harshenka ya ɗan canza kuɗin mota ya ninka, ka je ofis da tsoho a bar shi tsaye ma'aikaci na danna waya, in ka yi magana a ce ka cika ƙorafi.

Don Allah in wannan ya iso gare ku a samu mai fassara wa dattijon. A gaya masa Baba ya iso gida lafiya, duk wanda ya zo yi masa sannu da zuwa sai ya karanta masa ranakun mako da yaren Malta, kuma Umma ta ce soyayyen abin nan mai dabino a ciki da ya saya mata a hanya, imqaret, ta gwada sau biyu bai yi ba, ko akwai abin da ake sawa a ƙullun.