Gandun daji kaɗai ba zai ceci mai cin tururuwan Brazil ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na muhalli na makon jiya, inda kuka kawo labarin ƙatuwar dabbar nan mai cin tururuwa da gara ta Kudancin Amurka. Allah Ya saka da alheri. Sai dai ina da gyara biyu, ɗaya ƙarami, ɗaya babba.

Ƙaramin shi ne mai gabatarwa ya yi ta kiranta dabgi. Abincinsu ne ya zo ɗaya, amma ba su haɗa dangi ba, dabgi namu ne na Afirka. Ita wannan mutanen Brazil na ce mata tamandua bandeira, saboda jelarta mai gashi buzu-buzu kamar tuta (bandeira na nufin tuta a harshensu). Tsawonta da jela yakan kai mita 2, ba ta da haƙori ko ɗaya, harshenta kuwa yakan kai santimita 60. Da shi take lashe tururuwa da gara wajen 30,000 a rana, tana bin suri tana ɗan taɓa kowane ta wuce.

Babban gyaran shi ne maganar da aka rufe shirin da ita, wai tunda an keɓe mata gandun daji, ta tsira. Ina ma haka ne.

A duba gandun Emas da ke jihar Goias ta Brazil. Faɗinsa ya kai hekta 130,000, amma gonakin waken soya da masara sun yi masa zobe. Dajin Cerrado da gandun ke cikinsa, kusan rabinsa ya riga ya koma gona da makiyayar shanu. A 1994 gobara ta ci yawancin gandun, ta hallaka waɗannan dabbobi wajen 340, domin gashinsu na kama wuta nan da nan, ga rashin sauri, ga raunin gani. Binciken da masana na Brazil suka wallafa a 2007 ya nuna cewa waɗanda ke cikin gandun ƙwayoyin gadonsu sun yi kama da juna sosai, alamar 'yan uwa na kusa ne ke ta barbarar junansu.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san inda wannan ke kaiwa. Mahaifina ba ya barin rago ɗaya ya daɗe a garke, sai ya sayar ya sayo wani daga kasuwa mai nisa, don ya ga yadda 'ya'yan tumaki ke fitowa ƙanana, marasa ƙwari, idan jini ya tsaya wuri guda. Cuta ɗaya in ta shigo sai ta kwashe su tare, tunda rauninsu iri ɗaya ne. To, dabbar daji ba ta da mai zuwa mata kasuwa. Ƙafarta ce kasuwarta: namiji ya bar inda aka haife shi ya je wani daji ya samu mace.

A wannan tafiyar ce titi ke tare ta. A jihar Mato Grosso do Sul, babbar hanyar BR-262 ta yi ƙaurin suna wajen kashe namun daji, har masu bincike suka kafa shiri na musamman suna ɗaura wa dabbobin na'urar GPS don su gane inda suke tsallakawa. Yawanci da dare mota ke buge su. Ga shi mace ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wata shida da 'yan kwanaki, ta goya shi a bayanta watanni. In mota ta kashe uwa, sau da yawa rai biyu aka rasa. Kuma wanda ya mutu a kan kwalta, sabon jinin da zai kai wani daji ya mutu tare da shi. Shi ya sa ƙidayar kawuna ke yaudara: ana iya samun ɗaruruwa a gandu, amma ta fuskar gado tamkar 'yan gida ɗaya ne.

Akwai inda aka yi abin kirki. A yankin Ibera na Ajantina dabbar ta ɓace shekaru da dama, sai a 2007 aka fara mayar da ita, yawanci marayun da aka tsinto daga larduna daban-daban na arewacin ƙasar, kuma sun hayayyafa. Amma aiki ne mai tsada. A ganina ya fi sauƙi a bar zirin daji tsakanin gonaki ya haɗa gandu da gandu, a yi hanyoyin ƙarƙashin titi da shinge mai kai dabba bakinsu.

Roƙona shi ne ku sake waiwayar batun a wani shirin, ku gayyato masanin namun daji, ku kuma tambaye shi halin da giwayen Yankari ke ciki, tunda su ma gonaki da garuruwa sun kewaye su.

Na gode.

Mai sauraronku na kullum,
daga Gusau